Piaget, Vygotsky ko Skinner: wa za ka bi in za ka koyar da yaro?

Duk wanda ya taɓa zama zai koya wa yaro wani abu, uba ne ko uwa ko malamin aji ko mai yin lesin, ya san wannan ruɗanin. Wannan ya ce maka ƙyale yaro ya gano da kansa kar ka kuskura ka ba shi amsa, wancan ya ce ɓata lokaci ne kawai, zaunar da shi ka nuna masa ya yi ta maimaitawa har ya zauna masa a ka, wani kuma ya ce ai duk maganar lada ce, in ya yi daidai a yaba masa a ba shi ɗan wani abu shi ke nan zai ci gaba. Kuma fa kowane ɗaya daga cikinsu akwai manyan masana a bayan maganarsa ko da shi bai taɓa jin sunansu ba. Makarantu ma haka suke tallata kansu, wata ta ce mu da wasa muke koyarwa, wata ta ce mu yaranmu tun suna shekara huɗu suke karanta littafi. To tunda dole ne ka zaɓi yadda za ka yi in yaron ya ajiye maka littafinsa a gaba, gara ka san me kowa ya faɗa, ina ya dace, ina kuma bincike ya zo daga baya ya ƙaryata shi.

Bari mu riƙe misali ɗaya mu riƙa gwada kowa da shi. Yarinya ce 'yar shekara bakwai, an ba ta 52 a cire 17, ta rubuta 45. Amsa dai 35 ce. Abin da ta yi shi ne ta duba gidan goma-goma ta ce 5 a cire 1 saura 4, ta zo gidan ɗai-ɗai ta ga 2 a sama 7 a ƙasa, ta ga ba zai yiwu ba, sai kawai ta juya ta cire 2 daga 7 ta samu 5. Sanannen kuskure ne, duk malamin firamare ya sha ganin sa.

Mu fara da wanda ya fi sauƙin ganewa. B. F. Skinner ɗan Amurka ne, malami a jami'ar Harvard, an haife shi 1904 ya rasu 1990, kuma yawancin gwaje-gwajensa da ɓeraye da tattabaru ya yi su. Ya sa ɓera a akwati mai ɗan ƙarfe da ake dannawa, in ya danna abinci ya faɗo, ba a jima ba ɓera ya zama gwanin danna ƙarfe. Maganarsa ita ce duk halin da aka bi shi da sakamako mai daɗi zai ƙaru, wanda kuma aka yi banza da shi zai mutu a hankali. A 1953 ya je ajin lissafi na 'yarsa ya zauna yana kallo, sai abu biyu suka dame shi, na farko duk yaran da sauri ɗaya ake tafiya da su mai kaifi da mai jinkiri, na biyu yaro zai gama aiki amma sai an jima, wani lokaci ma sai washegari, zai san ko ya ci ko ya faɗi. Daga nan ya shiga ƙera injin koyarwa wanda ke yanka darasi ƙanana-ƙanana, ka amsa ka ga sakamako nan take. Duk waɗannan manhajojin waya masu ba ka tauraro da maki da ƙarar tafi in ka ci tambaya, jikokin wannan injin ne.

Da za a kawo masa yarinyarmu zai ce a nuna mata dokar aro, wato in na sama bai isa ba a ari goma ɗaya daga gidan goma-goma, a yanka mata ita mataki-mataki, ta yi guda ashirin, kowanne tana gamawa a ce mata daidai ne ko ba daidai ba. Kuma zai yi aiki fa, kar wani ya ruɗe ka cewa ba ya aiki. Inda gizo ke saƙa shi ne tana iya iya dokar ba tare da ta san me take ara ba, ranar da aka ba ta 502 a cire 17 ta ga sifili a tsakiya babu abin ara sai ta tsaya cak. Wani abu da masu kafa hujja da Skinner ba su cika faɗa ba, shi mutumin ba ya goyon bayan horo da duka, ya ce horo danne hali yake yi na ɗan lokaci yana kuma koya wa yaro gudun mai horon, ba ya koya masa abin da ya kamata ya yi.

Lada ma kanta da nata tarkon. A 1973 Lepper da Greene da Nisbett sun yi gwaji da yaran naziri waɗanda dama suna son zane da alƙaluman kala, ba wanda ya sa su. Aka kasa su uku, wasu aka ce musu ku yi zane za a ba ku satifiket, wasu aka ba su satifiket ɗin bayan sun gama ba tare da sun san za a ba su ba, wasu kuma ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake ajiye alƙaluman a aji ba maganar kyauta, sai ga shi waɗanda aka yi wa alkawarin satifiket lokacin da suka ɓata wajen zane ya kusa komawa rabin na sauran. An mai da musu abin sha'awa ya koma aikin lada. Don haka ni a ganina Skinner ka ajiye shi don abubuwan da ake so su zama jiki, kamar haddar jadawalin sau, rubuta haruffa, sabawa da zama a gama aiki kafin a tashi, kuma ka ɗauki maganar gyara nan take da muhimmanci don ita ce mafi kyawun abin da ya bari. Amma abin da yaro ya riga yana so, ka rabu da shi da sitika.

Jean Piaget shi ne babban sunan da duk wanda ya yi kwalejin horon malamai ya haddace don jarrabawa. Ɗan Suwizalan ne, an haife shi 1896 ya rasu 1980, kuma asalinsa ma masanin halittu ne da ya fara da nazarin dodon koɗi da danginsa. Wajen 1920 ya samu aiki a Faris yana gwada yara da tambayoyin auna basira, aikinsa dai ya ga wa ya ci wa ya faɗi, amma shi sai amsoshin da ba daidai ba suka ɗauke masa hankali, don ya lura yara sa'annin juna irin kuskure ɗaya suke yi. Ya ce to ashe tunanin yaro ne ma daban da na babba, yana da nasa tsarin. Daga baya ya zuba wa 'ya'yansa uku ido tun suna jarirai yana rubuta duk motsinsu, ya fito da matakai huɗu: daga haihuwa zuwa wajen shekara 2 yaro da hannu da baki da ido yake sanin duniya, daga 2 zuwa 7 ya samu magana da wasan kwaikwayo amma abin da ido ya nuna masa shi ne gaskiya, daga 7 zuwa 11 ya fara yin hujja a kan abin da zai iya taɓawa ko gani, daga wajen 12 kuma ya iya tunani a kan abin da babu shi a gabansa, irin a ce da kaza ne da me zai faru.

Gwajinsa da ya fi shahara kowa zai iya yi da kofi uku. Ka samu kofin gilashi biyu iri ɗaya ka zuba ruwa daidai wa daida, ka tambayi ɗan shekara huɗu, ya ce eh ɗaya suke. A gaban idonsa ka juye ɗaya a wani kofi dogo siriri, ruwan ya hau sama, ka ce yanzu fa? Zai nuna dogon ya ce wannan ya fi yawa. Ka ce to na ƙara ne? Ya ce a'a. To ya aka yi ya fi yawa? Ya ce ai ga shi nan ya fi tsawo, kuma yana kallon ka kamar kai ne ba ka gane ba. Ɗan shekara takwas kuwa dariya zai yi maka ya ce mai da shi inda yake ka gani. A wajen Piaget wannan bambancin ba a cusa shi da baki, yaro ne da kansa yake gina shi ta hanyar taɓa abubuwa da cin karo da abin da ya saɓa wa tunaninsa, sai ya ga tsohon tunanin ba ya ɗaukar sabon abin ya gyara shi.

Da shi aka kai wa yarinyar ba zai fara da jan biro ba, zai ce mata ya aka yi kika samu 45? Ta ce ai ba a cire bakwai a cikin biyu shi ne na cire biyun a cikin bakwai. Daga wannan amsar ya gane matsalar, ita 52 a wajenta 5 ne da 2 zaune kusa da juna, ba ta ganin ɗauri biyar na goma-goma da guda biyu. Sai a ba ta tsinkaye ɗaure goma-goma a ce ba ni 17 daga ciki, ta miƙa ɗauri ɗaya, ta ga saura bakwai za ta bayar ga biyu kawai a warware, ta yi shiru, can sai ta kwance wani ɗaurin. Wallahi wannan tambayar ta ya aka yi kika samu wannan amsa, ko ita kaɗai aka ɗauka daga Piaget an ci riba.

Amma kuma an kama shi a wurare da yawa. A 1974 McGarrigle da Margaret Donaldson a Edinbura suka sake irin gwajinsa da layi biyu na ƙananan maɓallai masu yawa ɗaya. In babba ne ya baza layi ɗaya da gangan ya sake tambaya wanne ya fi yawa, yara 13 kawai cikin 80 suka riƙe cewa ɗaya suke, amma da aka sa wata 'yar tsana mai rashin ji ta zo kamar da tsautsayi ta hargitsa layin, sai 50 cikin 80 suka amsa daidai. Kenan wani ɓangare na faɗuwar yaran daga yadda ake tambayar ne, yaro yana ganin babba ya taɓa abu ya sake yi masa tambayar da ya riga ya amsa, sai ya ɗauka ana so ne ya canza amsa. A shekarun 1980 kuma Renée Baillargeon ta nuna jarirai 'yan wata huɗu zuwa biyar suna daɗewa suna kallo in aka yi musu dabarar da ta nuna kamar wani abu da aka ɓoye ya ɓace, alhali Piaget sai wajen wata takwas ya ce suke fara neman abin da aka rufe. Har yanzu ana gardama a kan me wannan dogon kallon yake nufi, amma dai an yarda ya raina ƙananan yara. Manya kuma ya ba su fiye da ƙarfinsu, don akwai manya da yawa da ba sa yin wancan tunanin na mataki na huɗu sai a fannin da suka saba da shi. Matakan ma ba tsani ba ne da ake hawa gaba ɗaya, yaro yana iya wucewa a lissafi yana baya a wani abu.

Babbar illar ma ba daga shi ta zo ba, daga mabiyansa ne da suka mai da maganarsa ta koma jira har yaro ya shirya, kar a koya masa komai sai ya kai matakin, kuma in ya kai a bar shi ya gano. Yaron da a gidansu akwai littattafai da masu hira da shi zai shirya ko an jira ko ba a jira ba. Wanda ba shi da wannan gatan kuwa jiran ne zai cuce shi.

Lev Vygotsky shekararsu ɗaya da Piaget, shi ma 1896 aka haife shi, a daular Rasha, amma tarin fuka ya kashe shi a Mosko a 1934 yana da shekara 37. Bayan rasuwarsa gwamnatin Sobiyat ta juya wa irin wannan binciken baya aka yi shekaru ba a buga ayyukansa, sai a 1962 aka fassara babban littafinsa zuwa Turanci, shi ya sa duniya ta makara wajen saninsa. Shi cewa ya yi tunani tsakanin mutane yake fara zama kafin ya shiga kan yaro, wato abin da yau yaro yake yi tare da wani gobe shi zai yi shi kaɗai. Ya kawo misalin yara biyu da jarrabawa ta nuna duk suna matakin 'yan shekara 8, sai aka ɗan taimaka musu da nuni ko tambaya mai jan hankali, ɗaya ya warware tambayoyin 'yan shekara 12, ɗayan bai wuce na 'yan 9 ba. Ya ce to ta ina waɗannan suka zama ɗaya? Wannan tazarar tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in an ɗan tallafa masa, nan ne wurin koyarwa. Ƙasa da nan gundura ce, sama da nan kuka ne.

Sun kuma saɓa a kan surutun da yara ke yi su kaɗai suna wasa, irin ka ji yaro yana cewa a'a ba nan ba, bari in sa ja tukuna, ina shuɗin ya shiga. Piaget a farkon aikinsa ya ɗauke shi alamar yarinta ce da za ta wuce. Vygotsky ya gwada, ya riƙa sa wa yara cikas da gangan, misali yaro zai yi zane a ɗauke fensirin da yake buƙata, sai ya ga surutun ya kusa ninkawa daidai lokacin da aikin ya yi wuya. Ya ce wannan ai tunani ne ake yi da ƙarfi, maganar da manya suka saba yi masa ce yake yi wa kansa, daga baya ta koma ciki ta zama tunanin zuci. Binciken da ya biyo baya ya fi ba Vygotsky gaskiya, Piaget ma da ya karanta sukar bayan mutumin ya daɗe da rasuwa ya yarda da wani sashe nata. Saboda haka in ka ji yaro yana ƙunƙuni a kan lissafinsa kar ka ce ya rufe baki, aiki yake yi.

To yaya ake wannan tallafin a aikace? A 1976 wasu masu bincike, Wood da Bruner da Ross, suka kalli yadda ake taimaka wa yara 'yan shekara 3 zuwa 5 su haɗa wani gini na katako mai wuya, suka kwatanta taimakon da katakon da magina ke kafawa a jikin gini su hau, gini na tsayawa da ƙafarsa a cire shi. A wajen yarinyarmu ga yadda abin zai kasance. Na farko kai za ka yi kana faɗin tunaninka da ƙarfi, biyu ba ta isa a cire bakwai ba, bari in kwance goma ɗaya, yanzu ina da goma sha biyu, a gidan goma kuma saura huɗu. Na biyu ku yi tare, ka ce biyu ta isa? ta ce a'a, ka ce to me za mu yi? Na uku ka nuna da yatsa kawai ba ka ce komai ba. Na huɗu ka koma gefe ka kama bakinka. Wannan kama bakin shi ne ya fi wa iyaye wuya, da yawa taimakon nasu ba ya ƙarewa har sai sun yi wa yaro aikin gidan gaba ɗaya, su ce ai Vygotsky ne, alhali ba a cire katakon ba.

Yanzu ga tambayar da ta fi zafi, a bar yaro ya gano ne ko a faɗa masa? A 2004 Klahr da Nigam sun gwada wannan da yara 'yan aji uku da huɗu a Amurka. An ba su katako mai gangara da ƙwallo, ana iya canza tsayin gangaren da santsin katakon da irin ƙwallon, abin da ake so su koya shi ne in za ka gwada tasirin abu ɗaya to shi kaɗai za ka canza ka bar sauran yadda suke. Waɗanda aka yi wa bayani kai tsaye da misalai kashi 77 cikin ɗari suka iya, waɗanda aka bar su su lalubo kashi 23 kawai. Kuma da aka gwada su da wani aiki daban daga baya, waɗanda suka iya ta hanyar bayani ba su gaza waɗanda suka gano da kansu ba, wato wancan zancen na cewa abin da aka faɗa maka ba ya shiga kamar wanda ka gano bai tabbata a nan ba. Dalilin kuwa John Sweller na Ostireliya ya daɗe yana bayaninsa tun shekarun 1980: ɗan wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe sabon abu a lokaci ɗaya ƙarami ne ƙwarai, abu kamar huɗu ne, to sabon shiga in ka jefa shi cikin lalube duk wurin ya cika da gwada wannan gwada wancan, ba sauran inda darasin zai zauna.

Sai dai kar masu allo da alli su yi saurin murna. A 2011 Elizabeth Bonawitz da abokan aikinta suka ƙera wani abin wasa mai bututu huɗu, ɗaya in an ja shi ya yi ƙara, ɗaya da fitila, ɗaya da kiɗa, ɗaya da madubi a ɓoye. Wasu yaran aka ce musu bari in nuna muku yadda abin wasana yake aiki, aka ja bututun ya yi ƙara. Wasu kuma babbar ta yi kamar yanzu ta tsince shi, ta ja bututun kamar da kuskure ta yi mamaki. Da aka bar su da abin, na farkon suka maƙale wa ƙarar suka gaji da wuri, na biyun suka daɗe suna juya shi suka gano sauran abubuwan da yawa. Yaro yana da wayo, in malami ya nuna masa abu ɗaya sai ya ɗauka shi ke nan abin da ke akwai, da akwai wani ai da an nuna masa. Maganin wannan ba shi da wuya, in ka gama nunawa ka ƙara da cewa wannan ɗaya ne kawai daga ciki, duba ka ga me kuma yake yi.

Akwai wasu sunayen da za ka ci karo da su, ba sai na daɗe a kansu ba. Albert Bandura a 1961 ya nuna yaran da suka ga babba yana dukan wata 'yar tsanar roba su ma sun dake ta irin dukansa ba tare da an ba kowa lada ba, wato kallo kaɗai ma koyo ne, kuma wannan ya shafi abin da kake yi a gaban yaro fiye da abin da kake gaya masa. Patricia Kuhl a 2003 ta sa jarirai 'yan wata tara na gidajen masu Turanci suka yi zama 12 da masu jin yaren Sin, suka koyi bambanta sautukan yaren, amma waɗanda aka kunna wa mutanen nan a bidiyo ba su koyi komai ba, wannan kam maki ne a aljihun Vygotsky, kuma gargaɗi ne ga mai miƙa wa jariri waya da sunan karatu. Tsarin Maria Montessori da ta fara a Rum a 1907 mutane suna ɗauka sakin yara ne su yi abin da suka ga dama, alhali kayan aikinta a tsare suke kuma malama tana nuna yadda ake amfani da kowanne kafin ta koma gefe, sai dai sunan ba shi da mai gadi, kowace makaranta tana iya liƙa shi a geti. Shi kuwa zancen nan na cewa wannan yaron da ido yake koyo wancan da kunne don haka a koyar da kowa ta nasa salon, Pashler da abokansa sun bi binciken a 2008 ba su samu hujjar kirki da ta goyi bayansa ba, kar ka biya kuɗin makaranta saboda shi.

To wanne za a zaɓa? Ni dai in aka matsa mini in ɗauki ɗaya Vygotsky zan ɗauka ya zama ƙashin bayan aikin, don shi kaɗai ne ya gaya maka abin da za ka yi da kuma lokacin da za ka daina yi. Amma abin da zai yanke maka hukunci a kowace rana abu biyu ne, mene ne ake koyo, kuma me yaron ya riga ya sani a kai. Tafiya, magana, wasa da sa'o'i, sanin cewa abu in an sake shi faɗuwa yake yi, waɗannan yaro yana kwasar su da kansa in dai akwai mutane da sarari, a nan Piaget ya fi gaskiya, ɗan shekara uku ba ya buƙatar lakca da takardar aiki, yana buƙatar ruwa da yashi da kwalaye da babban da zai amsa masa tambaya. Karatu da rubutu da alƙaluman lissafi kuwa ƙirƙirar mutane ce, rubutu gaba ɗayansa bai wuce shekara dubu biyar da 'yan kai ba, babu yaron da zai zauna ya gano da kansa wane sauti harafin b yake yi, dole wani ya faɗa masa, a fili, a jere, a maimaita. Duk makarantar da ta ce maka karatu zai zo da kansa ta hanyar wasa kawai, ka yi hattara, musamman in yaronka yana ɗan jinkiri.

Sannan gwargwadon sanin yaro gwargwadon sakin linzami. Sweller da abokan aikinsa sun nuna cewa bayanin dalla-dalla da ke ceton sabon shiga yana iya zama cikas ga wanda ya riga ya iya, don haka yaro ɗaya a darasi ɗaya ranar farko bayani yake buƙata, bayan sati biyu kuma matsala mai wuya yake buƙata a bar shi da ita ya yi gumi.

Raunin Vygotsky a aikace shi ne yawa. Uwa da ɗanta ɗaya ko mai lesin da yara uku za su iya bin tazarar kowa, amma malami mai yara hamsin ba zai iya ba, ko ya so. A irin wannan ajin abin da ya fi yiwuwa shi ne a fara da bayani kai tsaye ga kowa da misalai a allo, a jefa tambayoyi da yawa don a ga wa ya ɓata tun kafin a yi nisa, sannan a haɗa yara biyu-biyu wanda ya gane da wanda ya kusa ganewa. Kar tazararsu ta yi yawa, don in ka haɗa na ɗaya da na ƙarshe na ɗayan zai karɓe fensirin ne kawai ya rubuta amsa. Kuma ka kafa musu doka tun farko cewa mai taimako baki ne nasa, fensiri yana hannun wanda ake taimaka wa.